Na kwana ina aiki, na dawo a gajiye, amma barci ya ƙi ni

Ɗan_Gidan_Burodi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata damuwa ce na daɗe ina juya ta a raina, yau dai na ce bari in kawo ta gabanku. Wata huɗu ke nan da aka mai da ni aikin dare a gidan burodin da nake. Bayan isha'i muke fara kwaɓi, ba ma tashi sai masu babura sun kwashe burodin ƙarshe wajen shida na safe. Tsakanin uku da huɗu na dare, wallahi a tsaye nake gyangyaɗi a bakin wuta, har sau biyu tire yana ƙona min hannu. To amma da na isa gida, na yi wanka na kwanta wajen bakwai da rabi, da ƙyar nake samun awa uku da rabi. Sha ɗaya na yi, ido ya bushe. Jiki na ciwo, kai ya yi nauyi, barci kuwa ya ce bai san zancen ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, idan gajiya ce ke kawo barci, ai duk gidanmu babu wanda ya kai ni buƙatarsa. Me ke hana ni? Ko wani ciwo ne ya kama ni?

Maigadin_Layi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, in ciwo ne to duk mu masu aikin dare muna da shi. Shekara tara ina gadi, har yau barcin rana bai taɓa ƙosar da ni kamar na dare ba. Ranar hutuna kuwa, ina idar da isha'i na kwanta, sai kiran assalatu.

Uwar_Biyu:
Ka duba ɗakin da kake kwanciya tukuna. Da rana ga zafin kwano, ga hayaniyar yara, ga masu talla, ga injin markaɗen maƙwabta. Lokacin da maigidana ya yi aikin dare sai da muka sa labule mai kauri, na riƙa kwashe yara zuwa gidan kakarsu.

Ɗan_Gidan_Burodi:
@Uwar_Biyu na gode Hajiya. Iyalina tana iya bakin ƙoƙarinta, yara suna makaranta har ƙarfe ɗaya, gidan tsit yake. Ko ranar da aka kwana ana ruwa gari ya yi sanyi, sha ɗayan nan dai ita ce.

Malamin_Bayoloji:
Ɗan'uwa, a tambayarka ta ƙarshe gizo ke saƙar. Gajiya kaɗai ba ita ke kawo barci ba. Abubuwa biyu ne ke jan ragamarsa a ƙwaƙwalwa, kuma a wurin mai aikin dare sun saɓa wa juna.

Na farko iyayenmu sun riga sun faɗe shi, da suka ce ba a cin bashin barci. Tun daga lokacin da ka farka ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna ƙona makamashi, wani sinadari da ake kira adenosin yana taruwa a tsakaninsu kamar yadda toka ke taruwa a murhu. Gwargwadon daɗewarka ido biyu, gwargwadon yawansa, kuma shi ke danne sassan da ke riƙe ka a farke. In ka yi barci sai ya ragu. Bashin ke nan.

Na biyu agogo ne. Can ƙasan ƙwaƙwalwa, a sashen da ake kira haifotalamus, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curi na ƙwayoyi kusan 20,000, bai kai girman ƙwayar gero ba. Shi babu ruwansa da ka yi aiki ko ba ka yi ba. Nasa kawai ya lissafa dare da rana ya sanar da jiki. Dare na yi sai ya sa a saki sinadarin melatonin cikin jini, zafin jiki ya yi ta sauka har ya kai ƙarshen saukarsa gab da asuba. Gari na wayewa sai ya juya: melatonin ya janye, zafin jiki ya fara hawa, kiran "tashi" ya yi ta ƙara ƙarfi har hantsi ya dubi ludayi.

Yanzu ɗora wannan a kan darenka. Uku zuwa huɗu, bashi ya taru, agogo kuma yana cewa talatainin dare ne. Su biyun sun haɗa baki, shi ya sa kake gyangyaɗi a tsaye. Bakwai da rabi ka kwanta, bashin ya yi nauyin da ya rinjayi agogo, barci ya ɗauke ka. Bayan awa uku ka biya wani kaso, ƙarfinsa ya ragu, a daidai lokacin da agogon ke ƙara ɗaga murya. Sha ɗaya agogo ya yi galaba. Bashin bai ƙare ba, shi ya sa kai ke maka nauyi, amma ragowar ba ta isa ta kayar da kai ba. Wani masani a birnin Zurich na Suwizalan, Alexander Borbély, shi ya tsara wannan bayani a 1982, kuma har yau a kansa masu binciken barci suke gini.

Tsohon_Direba:
Malam, bayaninka ya yi daɗi, amma ni ban yarda da shi duka ba. Sabo ne kawai. Shekara ashirin da shida na yi ina jan tirela tsakanin Kano da Legas, yawanci tafiyar dare. Goro biyu a aljihu, shayi mai kauri a Tegina, in kai Jebba garau. Yaron nan wata huɗu kacal ya yi. Ya ƙara haƙuri, jiki zai saba.

Nas_Mai_Dare:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma zan ɗan ja da maganarka. Don Allah, a duk shekarun nan ba a taɓa samun daren da ka ga ka wuce wani gari ba ka tuna lokacin da ka shige shi ba?

Tsohon_Direba:
'Yata, kin tuno min abin da ba na son tunawa. Akwai wani dare tsakanin Mokwa da Jebba, gab da asuba. Idona a buɗe, hannuna biyu a kan sitiyari, ban san komai ba sai salatin yaron motata na ji. Tayar dama ta riga ta sauka daga kwalta tana cin tsakuwa. Allah ne ya tsare. Na gangara gefe, jikina na rawa, na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota. Daga ranar ban ƙara bari asuba ta riske ni ban tsaya na runtsa ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa sabo ma yana da nasa.

Nas_Mai_Dare:
Alhamdulillahi da Allah ya kiyaye, Baba. Abin da nake tsoro ke nan. Idan bashi ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa, satar barci take yi na 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci ido a buɗe, mutum bai ma san an yi ba. Barci ɓarawo da ake faɗa, to ga shi a zahiri. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin sama da mita 20 a daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa biyar ta wuce tsawon filin ƙwallo babu mai riƙe da ita. Sabon da kake faɗa gaskiya ne ta wani gefe: mutum yana sabawa da jin gajiyar har ya daina lura da ita. Kuskuren hannu da jinkirin taka burki su ne ba sa sabawa.

Shi kuma goro, kafeyin ne a cikinsa, irin na kofi da ganyen shayi. Siffarsa ta yi kama da ta adenosin ɗin da Malam ya faɗa, sai ya je ya zauna a gurbinsa ya toshe. Bashin yana nan yana ƙaruwa, ƙwaƙwalwa ce kawai ta daina jin sallamar mai bin bashi. Kuma yana daɗewa a jini, kimanin awa biyar kafin rabinsa ya fita. @Ɗan_Gidan_Burodi ƙarfe nawa kake shan shayinka na ƙarshe?

Ɗan_Gidan_Burodi:
Anti, huɗu da rabi muna haɗa Nescafe da Lipton a wurin aiki. In mun tashi shida kuma ina tsayawa teburin mai shayi in karya.

Nas_Mai_Dare:
To ka gani. Na huɗu da rabin bai gama fita ba ka ɗora na shida a kansa, sannan ka je ka kwanta. Agogo yana faɗa da barcinka, kai kuma ka ƙara masa mataimaki.

Ɗan_Kwari:
Ni fa wannan agogon ne ban gane ba. Wa ya taɓa ganinsa? Haske ya shigo ta taga mutum ya farka, duhu ya yi mutum ya ji barci. Kaji ma haka suke.

Malamin_Bayoloji:
@Ɗan_Kwari an gwada raba mutum da rana don a gani ko haka ne. A 1962 wani matashi Bafaranshe mai binciken ƙarƙashin ƙasa, Michel Siffre, ya sauka cikin wani kogo mai ƙanƙara a tsaunukan Alps. Ba agogo, ba hasken rana, wata biyu cur. In ya ji yunwa ya ci, in ya ji barci ya kwanta, sai dai duk lokacin da ya farka ko zai kwanta yakan buga waya sama, na bakin kogon su rubuta. Lissafin kwanaki ya kuɓuce masa sarai, domin ranar 14 ga Satumba da aka ce masa wa'adi ya cika, shi a zatonsa 20 ga Agusta ake. Amma jikinsa bai ɓata lissafi ba, ya ci gaba da zagayen barci da farkawa na wajen awa 24 da rabi. Daga baya, a 1999, wani bincike mai tsauri a jami'ar Harvard ya auna na mutane da dama, ya samu awa 24 da kusan minti 11. Batun gani kuwa, an gan shi har an taɓa shi. A 1972 masu bincike a Amurka sun lalata wannan ɗan curin a ƙwaƙwalwar ɓeraye, sai ɓerayen suka daina bambance dare da rana wajen zirga-zirga da shan ruwa.

Ɗalibar_Likitanci:
Ƙari a kan maganar Malam. Yaya @Ɗan_Kwari bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba, haske yana da babban aiki. Tunda agogon ba awa 24 cif yake yi ba, kullum sai an saita shi, kuma haske ne mai saitin. A can cikin ido, ta ɓangaren baya, akwai wasu ƙwayoyi da aka tabbatar da aikinsu a 2002, babban aikinsu auna haske ne su kai rahoto kai tsaye ga agogon, kuma sun fi jin haske mai launin shuɗi irin na sararin samaniya. Shi ya sa da yawa daga makafin da ba sa ganin haske ko kaɗan barcinsu ke zamewa, kullum ya ɗan matsa gaba, har ya zagayo ya dawo.

Nan ne amsar Baba @Maigadin_Layi take. Duk safiya mai aikin dare yana komawa gida a cikin hasken rana, hasken nan yana mai da agogonsa kan na masu aikin rana. Ko shekara ashirin zai yi, mafi yawa agogonsu ba ya juyawa gaba ɗaya.

Kuma ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke da shi ba, hanta da hanji da sauran sassa kowa da ɗan nasa, na haifotalamus ne limaminsu. Mutum uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun ci kyautar Nobel a 2017 saboda gano yadda yake aiki a cikin ƙwayar halitta. A ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace suka yi binciken: wani furotin ne ke taruwa da dare, ya rushe da rana, kullum haka.

Uwar_Biyu:
To ashe gaskiyata da nake ƙwace waya a hannun yara da dare.

Ɗalibar_Likitanci:
Ki ci gaba da ƙwacewa, Mama. Hasken waya bai kama ƙafar na rana ba, amma yana da nasa tasirin, ga kuma abin da ake kallo yana hana hankali kwanciya. Sai dai ki ɗan yi wa samari da 'yan mata uzuri, a shekarun balaga agogon da kansa yake jan baya, barci ba ya zo musu da wuri kamar na ƙananan yara.

Bazazzagiya:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce, tunda masana sun hallara. Lokacin da nake jego, barcina a gutsuttsure, sau uku dannau yana danne ni. Ina kwance rigingine, ina jin kukan jaririyata, ina ganin ƙofar ɗaki, amma ko yatsa na kasa ɗagawa. Ƙirjina kamar an ɗora turmi, ina son in kira mamata murya ta ƙi fita, kuma ina ji a jikina akwai mutum tsaye a bakin gado. Shi ma ƙwaƙwalwar ce?

Almajirin_Zaure:
Hajiya, wannan ba na boko ba ne. Ki riƙe azkar ɗin kwanciya, ki kwana da alwala, ki kwanta ta ɓangaren dama.

Ɗalibar_Likitanci:
Anti @Bazazzagiya sannu, na san tsoron da ke ciki, ni ma ya taɓa samuna lokacin jarrabawa. Barci ba abu ɗaya ba ne miƙaƙƙe, zagaye-zagaye ne, kowanne kimanin minti 90. Farkon dare barci mai nauyi ya fi yawa, wanda in an tashe ki a cikinsa sai kin yi magagi. Can wajen asuba kuma barcin mafarki ne ke rinjaye. An gano shi a 1953 a jami'ar Chicago, inda Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura idon mai barci yana zirga-zirga da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma in aka tashe shi a lokacin yakan ce mafarki yake yi. A wannan mataki ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta wanda ke farke, saboda haka sai gindinta ya aika umarni a saki jijiyoyin motsi duka, ban da na ido da babbar tsokar numfashi. Rahama ce, ba don haka ba duk mai mafarkin gudu da sai ya tashi ya zura. Dannau yana faruwa ne idan hankali ya farka kafin a ɗage wannan takunkumi. Nauyin ƙirji saboda tsokokin haƙarƙari ba su dawo aiki ba, kina son jan dogon numfashi ya ƙi. Wanda kike ji a bakin gado kuma ragowar mafarki ne ya biyo ki cikin ɗaki. Ya fi samun mai ƙarancin barci, da wanda lokutan barcinsa suka rikice, da mai kwanciya rigingine, kuma yakan saki cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna.

Almajirin_Zaure:
Ko ma dai mene ne, ni ban gamsu cewa iyakarsa ke nan ba, kuma ba zan bar addu'a ba.

Bazazzagiya:
Malam, babu wanda ya ce a bari, ni ma ban taɓa bari ba. Amma da na san tun lokacin cewa zai saki da kansa, da ban yi sati ina tsoron kwanciya ba. Kuma na lura a kan kwanciyar gefe dai bakinku ya zo ɗaya.

Maigadin_Layi:
Ni ma in zai same ni, a barcin safen nan yake samuna.

Jikan_Anchau:
Tunda ana maganar barci da ƙwaƙwalwa. Kakana yakan ba mu labarin ciwon barci da ya addabi ƙasarmu a zamanin Turawa, har aka sassabe kurmin bakin rafuka saboda ƙudan tsando, aka tashi mutane aka kafa sabon gari Takalafiya. Ya ce mutum yana cin tuwo sai barci ya kwashe shi da loma a hannu. Wannan wane sashe cutar ke taɓawa?

Malamin_Bayoloji:
@Jikan_Anchau Allah ya jiƙan mazan jiya. Aikin Anchau sananne ne a tarihin yaƙi da cutar, a shekarun 1930 zuwa 1940 aka yi shi, kuma har yau akwai cibiyar binciken cutar a Kaduna. Ƙwayar cutar tana fara zama a jini, daga baya ta tsallaka ƙwaƙwalwa. Abin da masu bincike suka gani shi ne, ba yawan barcin ne ke ƙaruwa sosai ba, tsarinsa ne ke wargajewa. Mara lafiya ya yi ta faɗawa barci guntu-guntu da rana, da dare kuma ido biyu.

Wata annoba ce ma daban ta fara nuna wa likitoci inda makunnin barci yake. Wajen 1917 a birnin Biyana na Ostiriya, wani likita, Constantin von Economo, ya yi ta karɓar marasa lafiya masu kumburin ƙwaƙwalwa. Yawancinsu barci suke yi ba dare ba rana, 'yan kaɗan kuma sun kasa runtsawa sam. Da ya duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu, sai ya ga masu yawan barci ɓarnar tana bayan haifotalamus, masu rashin barci kuma tana gabansa. Ashe sashe guda ne ke tayarwa, wani ke kwantarwa, kuma kowanne in ya yi ƙarfi sai ya danne ɗan'uwansa, kamar ma'aunin sikeli. Shi ya sa mutum ba ya daɗewa a tsakani, ko dai yana farke ko ya tafi.

Nas_Mai_Dare:
Misali na kusa: Piriton. Kowa ya san in ya sha don mura ko ƙaiƙayi sai ya ji barci. Histamin ɗin da maganin ke toshewa a hanci da fata, shi ne ɗaya daga cikin sinadaran da sashen tayarwa ke amfani da su a ƙwaƙwalwa. Akwai kuma oreksin da aka gano a 1998, shi ke riƙe sikelin kada ya riƙa rinjaya ba zato. Waɗanda suka rasa ƙwayoyin da ke yin sa, barci na iya kwashe su tsakiyar hira, wasu dariya ma sai ta sa gwiwarsu ta saki su zube. Ana ce musu malalata, alhali ciwo ne da ake ba da magani a kansa.

Shugaban_Zaure:
Jama'a, an ƙaru ƙwarai, amma mai tambaya yana nan yana jira, kuma yau ma zai kwana a bakin wuta. Me zai yi?

Nas_Mai_Dare:
Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ga abin da ya taimake ni a shekarun da na yi ina kwana a ɗakin haihuwa. Shayi da kofi a farkon dare, daga ɗaya ko biyu na dare a rufe. Da safe a karya da kunu ko koko, kada a kwanta da yunwa kuma kada a cika ciki. In ba kai ke tuƙi ba, sa baƙin tabarau a hanyar gida. Taga a toshe ta da kwali ko bargo har ka kasa ganin tafin hannunka, labule kaɗai ba ya isa. Wanka kafin kwanciya, da fanka in akwai wuta, domin sai jiki ya huce barci ke kama shi da kyau. Sannan ka daina neman awa bakwai a dunƙule, raba ta biyu.

Ɗan_Maraɗi:
Wannan na ƙarshen shi ne. A nan wajenmu lokacin bazara bayan azahar gari yakan yi tsit, kowa ya nemi inuwa ya yi ƙailula. Na ɗauka zafi ne da nauyin abinci kawai, sai na lura ko da azumi, ciki ba komai, barcin nan yana zuwa a lokacinsa.

Malamin_Bayoloji:
Lurarka daidai ce. Tsakanin azahar da la'asar kiran agogon yakan ɗan sassauta, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Ƙofa ce da ke buɗewa mai aikin dare ya biya ragowar bashinsa. In ya bari har bayan magariba zai sha wuya, don a lokacin agogon ya fi ƙarfin tayarwa.

Ɗan_Kwari:
Duk wannan dogon zance, ya je kemis ya sayi maganin barci mana. Abokina shi yake sha.

Nas_Mai_Dare:
Don Allah a'a, ɗan'uwa. Irin su Valium suna kama mutum, bayan 'yan makonni ƙwaya ɗaya ta daina isa, in ya bari kuma rashin barcin ya dawo fiye da da. Ga shi ragowarsa na iya bin sa har wurin aiki, shi da ke tsaye tsakanin wuta da injin kwaɓi. In abin ya ƙi, ya ga likita. Haka in iyalinsa ta lura yana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, wannan wata matsala ce daban da ke gutsuttsura barci, ita ma ta asibiti ce.

Tsohon_Direba:
A nan na bi bayan 'yata. Na ga abin da ƙwayoyi suka yi wa yaran mota, na hana barci da na sa barci duka. Ban ga wanda ya gama da su lafiya ba.

Ɗan_Gidan_Burodi:
Salam. Kwana goma ke nan, na ce bari in dawo da bayani. Na bar shayin safe, koko nake sha. Na samo kwalayen madara na toshe taga, na sayi tabarau ina sawa a A Daidaita Sahu. Yanzu ina kaiwa sha biyu, wata rana da 'yan mintuna. Bayan azahar ina ƙara awa ɗaya da rabi, iyalina ta tashe ni la'asar. Nauyin kan ya ragu sosai, Allah ya saka da alheri. Amma gyangyaɗin ƙarfe huɗu yana nan, sai dai bai kai na da ba. Ga wata tambayar: daren Juma'a nake hutu. In kwana ido biyu don kada tsarin ya lalace, ko in kwanta tare da kowa?

Nas_Mai_Dare:
Gyangyaɗin huɗun ba zai ɓace gaba ɗaya ba, lokacin ne agogo ya fi ja ƙasa. In maigidanku zai yarda, ku riƙa karɓa-karɓa kowa ya runtsa minti ashirin kafin lokacin, kuma kada mutum ɗaya ya tsaya a kan inji shi kaɗai. Daren hutu kuwa, ni tsaka-tsaki nake yi, in ja dare zuwa biyu ko uku, in yi asuba in koma har hantsi.

Ɗalibar_Likitanci:
Anti, ni ina ganin tunda agogonsa bai juya ba tun farko, daren nan ne kaɗai a sati zai samu barci a lokacin da jikinsa ke so. Asara ce ya bar shi ya wuce.

Maigadin_Layi:
Ni dai kwanciyata nake yi bayan isha'i. Washegari in kai yara makarantar allo da kaina, in zauna da mahaifiyata mu yi hira, da azahar in ƙara awa biyu kafin in ɗauki tocila in fita. Daren farko bayan hutun yana ɗan yi min wuya, na sani, amma a sati duka ranar ce kaɗai nake ganin 'ya'yana da safe.